Yadda Ake Bin Asalin Baturiyar Ingila ta Takardun Ƙidaya da Rajistar Coci

Duk wanda ya zauna bin asalin wata Baturiyar Ingila zai tarar aikin ya fi na ɗan'uwanta namiji wuya, kuma dalilin ɗaya ne: sau da yawa sunan da aka binne ta da shi ba shi ne sunan da aka haife ta da shi ba. A al'adarsu, ranar da aka ɗaura wa mace aure take ajiye sunan gidan ubanta ta ɗauki na mijinta, idan kuwa mijin ya rasu ta sake aure, sai ta sake ɗaukar wani sunan. Mu da muka saba mace ta tsufa ana kiranta 'yar wane, abin yana iya zame mana baƙo. Flora Shaw, wadda ta ba da shawarar sunan Najeriya a jaridar The Times a 1897, an haife ta a Woolwich a 1852, ta auri Lugard a 1902, kuma daga nan har rasuwarta a 1929 da sunan mijinta ake rubuta ta. Ita fitacciya ce, shi ya sa sunayen biyu suka tsira tare. Talakar mace kuwa, wadda ta yi rayuwarta tana wanki da saƙa, babu abin da ke haɗa ƙuruciyarta da tsufanta sai takardar aure, saboda haka a kan wannan takarda duk aikin yake tsayawa.

A fara daga abin da aka tabbatar, a riƙa komawa baya taki ɗaya bayan ɗaya. Kafin a buɗe intanet, a tattara abin da ke hannun dangi: tsofaffin wasiƙu, hotuna masu rubutu a bayansu, da shafin farko na Littafi Mai Tsarki na gida, inda iyalai da yawa a Ingila suka riƙa rubuta ranakun haihuwa da na mutuwa. Idan matar tana raye a farkon yaƙin duniya na biyu, wuri mafi kyau na farawa shi ne rajistar da aka ɗauka ranar 29 ga Satumba 1939 domin ba da katin shaida da rabon abinci. Rajistar ta ba da cikakkiyar ranar haihuwar kowa, kuma da yake hukumar lafiya ta ƙasar ta ci gaba da amfani da ita har zuwa 1991, ma'aikata sun riƙa soke sunan budurwa idan ta yi aure su rubuta sabon a samansa. A layi ɗaya ke nan mutum zai ga sunaye biyu, abin da ba kasafai ake samunsa a wata takarda ba. Ana rufe layin duk wanda bai cika shekara 100 da haihuwa ba, sai dai idan an tabbatar da rasuwarsa.

Daga nan sai takardun gwamnati na haihuwa da aure da mutuwa, waɗanda aka fara a Ingila da Wales ranar 1 ga Yuli 1837. Fihirisarsu tana nan kyauta a shafin intanet na FreeBMD, an kasa ta wata uku-uku, kuma watan da ke jiki shi ne lokacin da aka yi rajista, ba lallai ne ya zama lokacin da abin ya faru ba. Jaririyar da aka haifa a ƙarshen Disamba tana iya bayyana a zangon Janairu zuwa Maris na shekarar da ta biyo. Fihirisa ba ta isa hujja ba, dole ne a sayi takardar shaidar kanta daga babban ofishin rajista na ƙasar. Hanya mafi sauƙi ta gano sunan gidan uban matar ita ce a nemi takardar haihuwar ɗaya daga cikin 'ya'yanta, domin a gurbin uwa ana rubuta sunanta na aure, sannan kalmar “formerly”, sannan sunanta na asali. Idan aka ga sunaye uku, da kalmar “late” a tsakani, to ta taɓa wani aure kafin wannan. Kafin 1875 ba a ɗora wa iyaye tara a kan rashin yin rajistar haihuwa ba, don haka rashin ganin yarinya a waɗancan shekaru ba ya nufin ba a yankin aka haife ta ba.

Da an samu sunan nan, sai a nemi auren. Daga 1912 fihirisar tana nuna sunan gidan abokin aure, amma kafin nan sai an binciki ango da amarya daban-daban an ga lambar littafi da ta shafi sun yi daidai. Takardar auren tana ba da shekarun kowannensu, da inda suke zaune, da sunan uban kowa da sana'arsa, da sunayen shaidu. Sunan uwa bai shiga wannan takarda ba sai a watan Mayu na 2021, wanda hakan kaɗai ya isa ya nuna yadda aka daɗe ana barin mata a gefen lissafi. A kula da abu biyu. Na farko, a gurbin shekaru sau da yawa ana rubuta cewa ta kai cikar hankali kawai, ma'ana ta kai 21, kuma akwai 'yan matan da suka ƙara wa kansu shekaru domin kada a nemi izinin iyaye. Na biyu, idan amarya bazawara ce, sunan mijinta marigayi ne zai kasance a gaban nata, sai a duba gurbin uba a ga ainihin gidansu. Idan gurbin uban babu komai a ciki, yawanci an haife ta ne ba da aure ba, kuma sunan da take amsawa na gidan mahaifiyarta ne.

Yanzu an zo kan ƙidaya, wadda ita ce ke nuna matar a cikin mutanenta. Ana ƙidayar jama'a a Ingila duk shekara goma tun 1801, amma ta 1841 ce ta farko da ta rubuta sunan kowa. Ita wannan a karanta ta da taka-tsantsan, domin an umurci malaman ƙidaya su rage shekarun duk wanda ya wuce 15 zuwa biyar ɗin da ke ƙasa, ta yadda mace mai shekara 29 za ta bayyana da 25. Ba ta faɗi dangantakar mutanen gida ba, ba ta kuma faɗi garin haihuwa ba, sai dai ko a wannan lardin aka haifi mutum ko a'a. Ta 1851, wadda aka ɗauka daren 30 ga Maris, ita ce mai daraja ga mai bin asali, saboda ta ba da shekaru daidai, da matsayin kowa ga maigida, da ainihin garin da aka haife shi. Tsohuwar da ta ce shekarunta 70 a wannan ƙidaya ta buɗe ƙofar komawa har wajen 1781, kuma ta faɗi da bakinta cocin da za a nufa.

Kada a tsaya a kan ƙidaya ɗaya. A bi matar a kowace, daga 1851 har 1921, a jera amsoshinta kusa da juna. Za a ga shekarunta suna tafiya da tangarɗa, wani lokaci ta ƙara takwas kacal a cikin shekara goma, garin haihuwa ma yana iya canjawa, domin wanda ya ƙaura nesa yakan ambaci babban garin da ke kusa da ƙauyensu. A karanta dukan gidan, har da maƙwabta. Sau da yawa a ƙasan jerin yara akan ga wata dattijuwa mai wani suna daban, an rubuta surukar maigida ce. Wannan layi guda ya ba da uwar matar, da sunan gidansu, da garinsu. Idan kuwa an rasa yarinya a gidan iyayenta tun tana 'yar shekara goma sha uku ko sha huɗu, a neme ta a ƙarshen jerin wani gidan masu hali, domin aikatau shi ne sana'ar da ta fi kowace ɗaukar mata a ƙarni na 19, kuma a ƙarshen ƙarnin 'yan aikin gida mata sun haura miliyan ɗaya. Sunan ma yakan rikiɗa: Polly ita ce Mary, Peggy ita ce Margaret, Sally ita ce Sarah, Betsy kuma Elizabeth.

Ƙidayar 1911 ta bambanta, domin takardar da maigida ya cika da hannunsa ce aka adana. An tambayi kowace matar aure shekarunta nawa da aure, 'ya'ya nawa ta haifa da rai, nawa ke raye, nawa suka rasu. Ni dai ban taɓa karanta waɗannan gurabe ba tare da na ɗan tsaya ba, domin mutum zai ga an rubuta tara, biyar, huɗu, ya san akwai yara huɗu da suka zo suka koma tsakanin ƙidaya da ƙidaya, kuma wajibi ne a nemo sunayensu. Wasu mata masu fafutukar neman 'yancin jefa ƙuri'a sun ƙaurace wa ƙidayar wannan shekara da gangan. Ta 1921 an buɗe ta a Janairun 2022, ta 1931 ta ƙone a gobara a 1942, ba a kuma yi ta 1941 ba saboda yaƙi.

Kafin 1837, a littattafan coci ake neman ta. Tun 1538 Thomas Cromwell, babban ministan sarkin Ingila, ya umurci kowane cocin gunduma ya riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza, ko da yake littattafan farkon da yawa sun ɓace, kuma akwai giɓi a shekarun yaƙin basasa da waɗanda suka biyo bayansa, daga 1642 zuwa 1660. Ranar baftisma ba ita ce ranar haihuwa ba. Yawanci makonni ne tsakani, amma akwai gidajen da suka kai yara uku ko huɗu rana ɗaya. A tsofaffin littattafai limamin yakan rubuta sunan jaririya da na ubanta kawai, uwar ko a ambaci sunanta na yanka ko a tsallake ta gaba ɗaya. Daga 1813 aka fara amfani da littafi bugagge mai gurbin sana'ar uba da mazauninsa, littafin jana'iza kuma ya fara nuna shekarun mamaci. Idan littafin wata gunduma ya lalace, a nemi kwafin da ake aika wa bishop duk shekara tun ƙarshen ƙarni na 16.

Rajistar aure daga 25 ga Maris 1754 ita ce mafi amfani, domin dokar aure da ake kira dokar Hardwicke, wadda ta fara aiki ranar, ta wajabta a ɗaura aure a cocin Ingila, in ban da Yahudawa da 'yan ɗariƙar Kirista ta Kwaka (Quakers), bayan an yi shela Lahadi uku a jere ko an karɓi lasisi. A dubi hoton shafin da kansa, kada a wadatu da abin da wani ya kwafa. Za a ga gundumar ango da ta amarya, sannan sa hannunsu, inda amaryar da ba ta iya rubutu ba take zana gicciye ɗan ƙarami, limami ya rubuta a gefensa cewa alamarta ce. Ƙarƙashinsu akwai shaidu biyu. Idan ɗaya yana da sunan gidan amarya, to ga uba ko wa ko ƙanwa. Idan kuwa sunansa yana maimaituwa a kowane shafi, magatakardan cocin ne, ba dangi ba. Yawanci a gundumar amarya ake ɗaura aure, don haka a nan za a fara neman baftismarta, shekara ashirin zuwa talatin baya, kafin a faɗaɗa zuwa ƙauyukan da ke kewaye.

A nan ne masu bincike suka fi yin kuskure. Mutum zai ga baftismar yarinya mai sunan da yake nema a shekarar da ta dace, ya ɗauke ta nan take, alhali littafin jana'iza zai nuna ta rasu tana wata shida, kuma iyayen sun mayar wa ƙanwarta sunan bayan shekara biyu, kamar yadda suka saba yi. Sai an duba jana'iza, an tabbatar babu wata mai irin sunan a gundumomin kusa, an kuma samu hujja ta biyu, sannan a ɗora ta a kan asalin. A lura kuma cewa kafin 1752 shekara tana farawa ne ranar 25 ga Maris, saboda haka abin da aka rubuta Fabrairun 1740 a lissafinmu na yau 1741 ne.

Hujja ta biyun tana fitowa daga wasiyya ko daga takardun talakawa. Matar aure ba ta mallaki dukiyarta sosai a gaban shari'a ba sai bayan dokokin 1870 da 1882, don haka ba kasafai take barin wasiyya ba, amma zawarawa da waɗanda ba su taɓa aure ba sun bari, kuma su ne suka fi lissafa 'yan'uwa mata da sunayensu na aure. Wasiyyar uba da ta ce “'yata, matar wane” ta warware komai. Kafin 1858 kotunan coci ne ke tabbatar da wasiyya. Idan matar talaka ce, a nemi takardun tambayoyin da alƙalai ke yi wa mai neman agaji ƙarƙashin dokar 1662 domin sanin gundumar da za ta ɗauki nauyinta, inda take faɗin garin haihuwarta, da gidajen da ta yi aikatau, da ranar aurenta.

Littattafan cocin na asali mafi yawansu suna ofisoshin adana takardun tarihi na larduna, takardun ƙidaya kuma suna babbar ma'ajiyar ƙasa da ke Kew a Landan. A shafukan intanet, FamilySearch da FreeREG da FreeCEN kyauta ne, Ancestry da Findmypast kuwa sai an biya, kuma kowannensu yana da lardunan da ɗayan ba shi da su, saboda haka a fara duba wane ne ke da lardin matar kafin a biya kuɗi. Duk abin da aka samu a rubuta sunan cocin, da shekarar, da lambar shafin, haka kuma a rubuta gundumomin da aka bincika ba a samu komai ba, da shekarun da binciken ya ƙunsa.