Yadda ake ninke tsuntsun tsuru da takarda ɗaya

Japanawa na kiran wannan fasaha origami: ori ninki, kami takarda. Tsuntsun da suka fi ji da shi shi ne tsuru, ɗan'uwan gauraka. Tun 1797 aka buga littafi a kansa, kuma shi Sadako Sasaki, wata yarinya da bam ɗin nukiliyar birnin Hiroshima ya shafa, ta yi ta ninkewa a asibiti kafin ta rasu a 1955. Babu almakashi, babu gam.

Takarda dai ta zama murabba'i sak, santimita 15 kowane gefe. Kada ka ɓata kuɗi neman ta waje, fallen littafin rubutu ya isa. Ta kalanda kuwa ta yi kauri, kada ma ka fara.

Ninke kusurwa zuwa kusurwa sau biyu, ka juya bayanta, ka ninke gefe zuwa gefe sau biyu, sai ka tattaro kusurwoyin huɗu su haɗu, ta koma ƙaramin murabba'i. Kowane ninki ka bi shi da farce.

To, ga inda na ga yara da manya suna kifewa, ni ma nan na yi asarar takardu. Bakin da ke buɗe shi zai kalli cikinka. Wanda ya juya shi sama, ya yi ta fama har Magariba, tsuntsu ba zai fito ba. Kawo gefen dama da na hagu na fallen sama kan layin tsakiya, karyo kan sama ƙasa, sannan ka warware duka ukun. Alama kawai kake nema. Yanzu ɗaga falle ɗaya tak daga ƙasa, a hankali, ka kai shi sama. Gefuna za su shigo ciki da kansu bisa alamar. In ka ji tana turjiya, falle biyu ka kamo. Saki, kada ka ja ta yage. Ka maimaita a bayan. Idan da zane mai kibiyoyi da ɗige-ɗige kake koyo, tsarin Akira Yoshizawa, gwanin origami ɗan Japan, ke nan, kuma wannan matakin ne zane ya fi ruɗarwa.

Ƙafafu biyu za su bayyana a ƙasa. Siranta su gaba da baya, amma ka bar 'yar tazara tsakaninsu da layin tsakiya, in ba haka ba wuyan zai cushe. Tura kowace ƙafa sama ta cikin fikafikai: ɗaya wuya, ɗaya wutsiya. Lanƙwasa tsinin wuyan ya zama kai, ka ja fikafikan gefe har bayan ya ɗan kumbura.