Yadda Ake Gano Abin da Ke Raba Mutane da Matsuguni a Birane

Duk wanda ya yi niyyar taimaka wa mutanen da ke kwana a ƙarƙashin gada ko a tasha ko a bakin shaguna, ya kamata ya fara da binciken abin da ya kai su can, domin ruwa ba ya tsami banza, kuma maganin da aka bayar ba tare da an san ciwo ba yakan tashi a asarar dukiya da lokaci. Ga yadda ma'aikacin jin daɗin jama'a ko ɗan jarida ko ɗan ƙungiyar sa-kai zai bi ya gano musabbabin.

Da farko sai a tantance wanda ake kira marar matsuguni. A shekarar 2005 FEANTSA, gamayyar ƙungiyoyin Turai masu taimaka wa marasa matsuguni, ta fitar da wani tsari da ya kasa matsalar kashi huɗu: masu kwana a fili, da masu zama a gidajen wucin gadi, da waɗanda suke cikin gida amma ana iya korar su kowane lokaci, da kuma mazauna wurin da bai cancanci ɗan Adam ya zauna ba. Wanda ya ƙirga masu kwana a titi kaɗai zai ga yawanci maza ne, sai ya ɗauka matsalar ba ta shafi mata ba, alhali kuwa mata da yawa suna raɓe ne a gidajen dangi da ƙawaye, yau nan gobe can, wasu kuma suna haƙuri da dukan miji don ba su da wurin zuwa.

Mataki na biyu shi ne mafi muhimmanci, kuma a nan ne masu bincike da dama suke kuskure. Dole a raba tambayoyi biyu da suka yi kama da juna. Ta farko: me ya sa wannan birni yake da marasa matsuguni masu yawa haka? Ta biyu: me ya sa wannan mutumin ya rasa gida, maƙwabcinsa bai rasa ba? Idan ruwa ya yi ambaliya, gidan da ke kwari shi yake fara nutsewa, amma kwarin bai kawo ruwan ba. Rashin lafiya da mutuwar aure da shaye-shaye da rasa aiki su ne kwarin, su ke nuna wanda zai fara faɗawa. Ambaliyar kuwa ita ce ƙarancin ɗakunan da talaka zai iya biyan hayarsu. Shi ya sa ake samun birane masu arziki da ayyukan yi, irin su San Faransisko da Landan, cike da masu kwana a titi, yayin da wasu garuruwan da suka fi su talauci ba su kai su ba, saboda haya a can ba ta fi ƙarfin mai ƙaramin albashi ba. A ganina duk rahoton da ya tsaya a kan halayen mutane, bai waiwayi kasuwar haya ba, ya zalunci waɗanda ya rubuta a kansu.

Saboda haka sai a auna haya da abin da mutane ke samu. Ma'aunin da aka saba amfani da shi shi ne, idan haya ta cinye fiye da kashi 30 cikin ɗari na kuɗin shigar iyali, nauyin ya yi yawa, idan kuwa ta kai rabi, to jinya guda ko wata ɗaya babu albashi ya isa ya fitar da su waje. Kada a tsaya a kan kuɗin wata kawai. A bincika kuɗin ajiya da ake nema kafin a ba da makulli, da ladan dillali, da sharaɗin kawo mai tsaya wa mutum, domin waɗannan suna hana mai aikin yi ma samun ɗaki. A kuma ƙirga ɗakunan haya masu araha da aka rushe ko aka mayar manyan gidaje da ofisoshi cikin shekaru goma da suka wuce.

Bayan haka sai a zauna da mutanen su kansu, cikin ladabi, bayan an nemi izininsu. Tambayar da ta fi buɗe zance ita ce: "Yaushe rabonka da kwana a ɗakin da makullinsa yake hannunka?" Daga nan a riƙa komawa baya sannu a hankali. Za a ji ana cewa mai gida ya ƙara haya, ko an ba da takardar tashi, ko wanda yake riƙe da gidan ya rasu magada suka sayar. Da wuya a tarar da dalili guda, yawanci abubuwa uku ko huɗu ne suke haɗuwa, kuma na ƙarshensu shi ne yankewar dangin da da za su karɓi mutum. A lura sosai da abin da ya riga wani. Mutumin da aka tarar yana shan ƙwaya ko hankalinsa ya taɓu, mai yiwuwa lafiya lau ya fito titi, rashin barci da tsoro da sanyi ne suka mayar da shi haka.

Akwai kuma ƙofofin da ya kamata a sa wa ido: gidan gyaran hali, da asibitin masu taɓin hankali, da gidan marayu. A tambayi hukumomin ina mutum yake kwana a daren da aka sallame shi. Haka nan a rubuta rusau da aka yi ba tare da an tanadar wa mazauna wani wuri ba, abin da kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙoƙin tattalin arziki da zamantakewa ya yi bayani a kansa a 1997, da kuma waɗanda yaƙi ko fari ya koro daga karkara.

Daga ƙarshe sai a gwada abin da aka gano da abin da ya faru a wuraren da aka sauya dabara. A 1992 wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Sam Tsemberis ya fara wani shiri a birnin Niyok na Amurka, inda ake ba marar matsuguni gida tun farko, ba tare da an ce sai ya daina shaye-shaye ko ya warke ba, sa'an nan a biyo shi da magani da shawara. Mafi yawan waɗanda aka ba gidajen sun ci gaba da zama a cikinsu. Ƙasar Finlan ta mayar da wannan dabara manufar gwamnati a 2008, ta mayar da manyan ɗakunan kwanan wucin gadi gidajen zama na dindindin, kuma yawan waɗanda suka daɗe ba su da matsuguni ya ragu ƙwarai. Don haka a rahoton da za a miƙa wa hukuma, a sa adadin ɗakuna masu araha da birnin yake buƙata a shafin farko, a biyo da jerin masu fuskantar kora nan kusa, sa'an nan bayanin masu buƙatar jinya da kulawa bayan sun shiga gida.