Yadda Ake Sauya wa Kuɗin ISA Banki Bayan An Rage Kuɗin Ruwa a Birtaniya

Daga Agustan 2024 zuwa Agustan 2025 Babban Bankin Ingila ya rage kuɗin ruwa sau biyar, daga kashi 5.25 cikin 100 zuwa kashi 4. Duk sanda aka yi haka, asusun ISA (asusun ajiyar da ba a biyan haraji a kan ribarsa) na tsabar kuɗi mai ribar da ke hawa da sauka shi ke fara jin jiki. Bankuna ba sa jinkirin aiko da saƙon ragi. To amma ba daidai suke ragewa ba, shi ya sa mai fam 30,000 a bankin da ke ba da kashi 2 zai tashi da fam 600 a shekara, maƙwabcinsa da ke samun kashi 4 kuwa fam 1,200.

Abu na farko, kuma a nan aka fi yin asara: kada ka ciri kuɗin da hannunka. Da zarar ka fitar da su zuwa asusunka na yau da kullum, kariyar haraji ta tafi. In ka je mayar da su a wani ISA, za a lissafa su cikin fam 20,000 da doka ta yarda mutum ya zuba a shekarar haraji, wadda ke farawa 6 ga Afrilu ta ƙare 5 ga Afrilu. Wanda ya tara fam 50,000 cikin shekaru ya cire su gaba ɗaya, 20,000 kawai zai iya zubawa a sabon ISA bana. Sauran 30,000 sun koma inda hukumar haraji ta HMRC ke ganinsu, kuma ribar da ta wuce fam 1,000 a shekara ga mai biyan ƙaramin haraji, ko fam 500 ga mai biyan na sama da shi, sai an yanki haraji a kanta. Hanyar da ta dace ita ce sabon banki ya je ya karɓo kuɗin daga tsohon. Kuɗin da aka ɗauko ta wannan hanya daga shekarun baya ba sa taɓa kason bana ko kaɗan.

Kafin ka zaɓi inda za ka, duba irin asusun da kake da shi. In na cirewa a kowane lokaci ne, hanya a buɗe take. In kuwa mai ƙayyadadden wa'adi ne, akwai tara, galibi ribar kwana 90 ko 180, wani lokaci har ta shekara guda a kan masu dogon wa'adi. Zauna da takarda da biro. Fam 20,000 a kan kashi 3.5, tarar kwana 180 za ta ci kusan fam 345. Komawa kashi 4 ƙarin fam 100 ne kacal a shekara, ka ga riba ba ta biya wahala ba. A irin wannan hali, zaɓi layin da ke cikin fom ɗin sauyi mai cewa a jira wa'adi ya cika kafin a ɗauko. Kuma ka lura da wasiƙar cikar wa'adin, don wanda ya yi shiru ana yawan juye masa kuɗi cikin asusu mai ribar da ba ta taka kara ta karya ba.

Wajen gwada bankuna, adadin AER, wato ribar shekara guda cikin 100, za ka kalla. Karanta ƙananan rubutu: wasu manyan ribobi da garaɓasar wata 12 a cikinsu, wadda ke faɗuwa ranar da ta cika, wasu sun ƙayyade cirewa sau uku ko huɗu a shekara, wasu kuma ba sa karɓar kuɗin da aka ɗauko daga wani banki sam. In ana sa ran ƙarin ragi kuma ba ka buƙatar kuɗin nan kusa, ɗaure su na shekara ɗaya ya fi hankali. Wanda ke gudun kuɗin ruwa saboda addini yana da bankuna irin su Gatehouse da Al Rayan, masu aiki da ribar da ake sa ran samu daga kasuwanci, kuma tsarin sauyin duk ɗaya ne.

Sannan batun tsaro. Tsarin FSCS, mai biyan masu ajiya in banki ya durƙushe, yana kare ajiya har fam 120,000 ga mutum ɗaya tun 1 ga Disamban 2025, amma a kan lasisin banki ake lissafi, ba suna ba. HSBC da First Direct lasisi ɗaya ne, haka Halifax da Bank of Scotland.

Aikin kansa ba wuya. Buɗe sabon asusun, ka cike fom ɗin sauyi a manhaja ko a takarda. Za a nemi lambar inshorar ƙasa (National Insurance number), da sunan tsohon banki, da lambar asusu, da adadin da kake son a ɗauko. Tun Afrilun 2024 an yarda a ɗauki wani ɓangare ko da na kuɗin bana ne, sai dai ba kowane banki ke yi ba. Suna da adireshi su yi daidai a ɓangarorin biyu. Wanda ya sauya gida bai sanar ba, ko aka rubuta masa Muhammad a nan Mohammed a can, fom ɗinsa zai dawo. Sababbin asusu masu wa'adi kuma suna da 'yan kwanakin da suke karɓar kuɗi, don haka a miƙa fom ranar buɗewa.

Ƙa'ida ta ba da kwanakin aiki 15 tsakanin ISA na tsabar kuɗi da ɗan'uwansa, kwana 30 in daga na hannun jari ne. In an wuce, kai ƙorafi a rubuce, ka nemi a biya ka ribar kwanakin da suka salwanta. Bayan mako takwas ba gamsasshiyar amsa, sai ka garzaya ofishin Financial Ombudsman Service, mai raba gardama tsakanin banki da abokin hulɗa, kyauta ne.

Lifetime ISA, wato na tarin sayen gidan farko ko na tsufa, dabam yake: mayar da shi ISA na yau da kullum kafin shekara 60 yana jawo yankan kashi 25 cikin 100. Wanda kuma ya tattara ya koma Kano ko Yamai zai iya barin asusunsa ba haraji a Birtaniya, amma ba zai ƙara zuba sabon kuɗi ba, kuma bankuna da yawa ba sa buɗe wa wanda ba mazaunin ƙasar ba sabon asusu. Mai shirin komawa gida ya gama sauyin kafin ya miƙa makullin gidan haya.