Yadda Za Ka Sa Monotron Ta Yi Muryoyi Da Yawa

Monotron, 'yar ƙaramar na'urar haɗa sautin kiɗa ta kamfanin Korg, wadda ta fito a 2010, murya ɗaya tak take fitarwa a lokaci guda. Ga dabarar ninka ta: ka ɗauki sautukanta ɗaya-ɗaya a kwamfuta, sannan ka kunna su tare.

1. Sa sababbin batura AAA biyu, jona ramin iyafis da kwamfuta, ka buɗe Audacity, manhajar ɗaukar sauti.

2. Rage LFO, abin da ke sa sautin rawa, gaba ɗaya. Danna sautin C a kan zirin da ake taɓawa a yi kiɗa, da abu mai tsini. Yatsa ya yi wa siririn zirin kauri, sautin sai ya zame. Ɗauki daƙiƙa 5, sannan D#, F#, A, har ka ƙure zirin. Nan ne aikin yake, sai haƙuri.

3. Yanke shirun farko. Shuuu ɗin da na'urar ke yi kuwa, ni barin kayana nake.

4. Zuba sautukan a TX16Wx, manhajar da ke kunna sautukan da aka ɗauka, kowanne kan maɓallinsa, ka daidaita wanda ya kauce.

Yanzu danna maɓallai uku tare ka ji.