Yadda za ka sa iska ta dinga ratsa cikin silin ɗinka in kana zaune inda ake zafi da danshi

Ranar da na fara leƙa cikin silin ɗin gidana da rana tsaka, ko minti biyar ban yi ba na sauko rigata sharkaf da gumi, numfashi ma da ƙyar. Daga nan na gane dalilin da ya sa ɗaki yake ƙin yin sanyi har ƙarfe sha biyun dare duk da fanka tana ta juyawa. Wannan sararin da ke tsakanin kwano da silin shi ne matattarar zafin gidan gaba ɗaya, a ranar da rana ta buɗe sosai yakan kai digiri 60 a ma'aunin Selshiyas ko ma ya wuce, silin ɗin ya sha zafin nan tun safe, da dare kuma ya dinga sako maka shi a ka. In kuma wurin da kake akwai danshi a iska to matsalar ta zama biyu, dan ga zafi ga lema, katako ya fara baƙi, ƙusa ta yi tsatsa, fumfuna ta kama kusurwa, gara ma ta samu wurin zama.

Kafin komai ka hau ka gani da idonka, amma da sassafe, kar ka kuskura ka shiga da rana. Ka kashe wutar gidan daga mita ko babban makunni, ka ɗauki tocila, ka rufe hanci da baki, kuma ƙafarka a kan katako kawai za ka dinga sawa, silin ba ya ɗaukar nauyin mutum. In ka shiga ka kashe tocilar na ɗan lokaci ka duba inda haske yake shigowa. Ya kamata ka ga haske ta ƙasa, wajen leɓen rufi inda kwano ya sauka kan bango, ka kuma gan shi ta sama kusa da ƙololuwa. In ko'ina duhu ne dunɗum, to an toshe sararin nan ruf, kuma gidaje da yawa haka suke, maginin ya ɗaga bulo har ya taɓa kwano, kafinta kuma ya zo ya rufe ƙarƙashin leɓen da PVC babu huda ko ɗaya, wai dan ya yi kyau. Ka shinshina ma, warin rima ba ya ɓuya. Ka taɓa katakon, ka duba bakin ƙusoshi ko akwai zoben tsatsa a jikinsu.

Abinda nake so kowa ya riƙe shi ne iska ba ta fita sai in wata ta samu hanyar shigowa. Iska mai zafi ta fi sauƙin nauyi shi ya sa take tashi sama, in ta samu ƙofa a can ƙoli ta fita, sai ta jawo wata mai ɗan sanyi ta ƙasa ta maye gurbinta, haka za a yi ta yi babu wuta babu inji. Dan haka ƙofa biyu ake buƙata, ta shiga a ƙasa ƙarƙashin leɓen rufi, ta fita a sama. Mutane da yawa ta saman kawai suke sawa su manta da ta ƙasan, sai su ce abin bai yi aiki ba. Ina zai yi? Ka gwada zuƙar iska ta tsinken shan lemo ka toshe ɗayan bakin da yatsa ka gani.

Girman hudar kuma akwai lissafinsa. Dokar ginin gidaje ta Amurka, wadda ake kira IRC, ta ce a bar buɗaɗɗen wuri na iska kashi 1 cikin 150 na faɗin silin. Ta yarda a rage zuwa 1 cikin 300 in an raba hudojin daidai, kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari a sama, bai fi ƙafa 3 daga ƙololuwa ba, wajen santimita 90 kenan, sauran kuma a ƙasa. Ni dai a wuri mai zafi 1 cikin 150 nake bi. Misali silin ɗinka murabba'in mita 120 ne, ka raba da 150 ya ba ka 0.8, wato murabba'in santimita 8,000, sai ka ba ƙasa 4,000 ko fiye kaɗan, sama kuma 4,000 ko ƙasa da haka kaɗan. In za a yi rinjaye gara ƙasa ta rinjaya, dalilin zai zo. Sannan ka lura wannan lissafin na wurin da iska take wucewa ne da gaske, ba girman ramin da kafinta ya yanka ba, raga da luba, wato tagar nan mai jerin fukafukai a karkace, suna cinye wuri sosai, wani lokacin kusan rabi, dan haka ramin sai ya fi lissafin girma.

Ta ƙasan ita ce mafi sauƙi. In ƙarƙashin leɓen rufinka PVC ne ko katako, a cire wasu a sa masu huda, ko a yanka dogon layi a bi shi da raga, kuma a rarraba shi a kowane gefe na gidan, kar a tara a gefe ɗaya. Ragar ta zama wadda ba ta tsatsa, ta alminiyam ko ƙarfe mara tsatsa, idonta kar ya wuce milimita 6, dan jemage da ɓera da tsuntsaye suna son wurin nan sosai, amma kuma kar ta yi ƙanƙanta ta yadda ƙura za ta toshe ta cikin wata biyu. In bulo ne ya tokare kwano sai magini ya cire wasu ya sa bulo mai huda. Bayan an gama ka sake hawa ka tabbatar hanyar a buɗe take tun daga waje har ciki, na taɓa ganin inda aka yi hudar tsaf daga waje amma ta ciki an shimfiɗa abin tare zafi, wato abin nan mai kauri da ake sawa a kan silin dan hana zafi sauka ɗaki, ya toshe bakin gaba ɗaya. A bar aƙalla milimita 25 tsakanin abin tare zafin da rufin, fiye da haka ma ya fi.

Ta saman ce take buƙatar kafinta mai hankali, dan nan ne ruwa yake samun hanya. Wadda na fi so ita ce ta ƙololuwa, a bar ɗan tsagi a inda kwanon gefe biyu suka haɗu, a ɗaga hular da ke rufe wurin kaɗan, a sa raga, hular kuma ta sauko sosai ta kowane gefe yadda ko ruwa ya zo da iska ba zai koro ciki ba. Tana bin tsawon rufin gaba ɗaya shi ya sa babu lungun da iska take tsayawa. In rufinka mai kusurwar bango ne a gefe biyu, za a iya sa luba a can sama a kowane gefe, fukafukanta na kallon ƙasa, wannan tana aiki sosai in ana kaɗawa amma ranar da iska ta tsaya cik sai a hankali. Akwai kuma mai juyawar nan kamar rawani da ake kafawa a kan kwano, ba ta cin wuta, iska ce take juya ta, ba laifi, sai dai a sa ta kusa da ƙoli kuma a toshe gindinta da kyau, in ta fara ƙara ko ta daina juyawa to boris ɗinta ya mutu a canza. Abinda ba na so shi ne a haɗa su duka a rufi ɗaya, ga ta ƙoli ga luba ga mai juyawa, dan sai ɗaya ta dinga jan iska daga ɗayar da ke kusa da ita, iskar ta yi ta zagaye a sama kawai, ƙasan sararin kuma yana nan da zafinsa. Ka zaɓi iri ɗaya ka yi shi isasshe.

Yanzu maganar fankar da take jan iskar cikin silin tana fitarwa waje, mai wuta ko mai sola, dan nasan ita ce kowa yake fara tunani, nima ita na fara saya. Na sa ta ina murna, sai na lura AC ɗin ɗakin ya daina hutawa kuma labulen bakin ƙofa yana ɗan motsi ko da tagogi a rufe. Ashe hudojin ƙasa ba su isa ba, fankar kuma dole ta samu iskar da za ta ja, sai ta dinga zuƙo sanyin ɗakina ta ramukan fitilu da gefen ƙofar silin tana watsarwa waje, iskar waje mai danshi kuma tana shigowa ɗakin ta ƙarƙashin ƙofa. Kuɗin wuta na biya dan in sanyaya sama. Wannan shi ne dalilin da na ce ƙasa ta rinjayi sama, kuma shi ne dalilin da ya sa toshe silin yake gaba da sa fanka. Ka bi ko'ina, gefen fitilu, inda waya ta ratsa, inda aka rataye fanka, inda bututu ya wuce, tsagin da ke tsakanin silin da bango, ka cike da silikon ko kumfar toshe rami, wajen fitila mai zafi kuma a yi amfani da abinda ba ya kama wuta. Murfin ƙofar silin a sa masa roba a gefe yadda zai zauna daram. In ka yi wannan kuma hudojin ƙasa sun isa, sau da yawa ba ka ma buƙatar fankar.

Danshi kuma sai an yi masa kallo na daban, dan a nan ne shawarar ƙasashen sanyi take ɓatar da mutane. Su a can lemar daga cikin gida take tashi ta hau sama, iskar waje busasshiya ce sai ta kwashe ta. A wuri mai zafi da danshi kuwa iskar wajen ita ce mai ɗauke da ruwan. Iska mai digiri 30 da danshi kashi 80 cikin ɗari, da ta taɓa duk abinda sanyinsa ya kai wajen digiri 26 ko ƙasa sai ta fara zubar da raɓa a kai, kamar dai yadda kwalbar ruwan sanyi take gumi in ka ajiye ta a tebur. To bututun AC da ya ratsa ta cikin silin ya fi haka sanyi nesa ba kusa ba, in rigarsa ta yage ko an bar mahaɗa tsirara zai yi ta ɗiga a kan silin, ka ga tabo ruwan ƙasa yana faɗaɗa ka ɗauka kwano ne yake yoyo, ka kira mai gyara ya yi ta shafa kwalta a banza. Ka bi bututun tun daga farko har ƙarshe, duk inda ƙarfe ya fito a naɗe shi, mahaɗa a ɗaure da tef mai kyau. Bututun da yake fitar da ruwan AC shima a duba gangarensa. Fankar banɗaki da ta kicin kuwa dole bututunsu ya fita har waje, wallahi na sha ganin wadda aka sa kawai tana hura tururin wanka cikin silin, shekara biyu katakon wurin ya yi baƙi ƙirin. Katako in lemar jikinsa ta daɗe sama da kashi 20 cikin ɗari ruɓewa yake farawa. Tankin ruwa in yana can sama a rufe bakinsa. Sannan kar wani ya ba ka shawarar shimfiɗa leda a ƙarƙashin abin tare zafi a ɗakin da ake kunna AC, ledar tana yin sanyi, danshin sama ya sauko ya taru a kanta ya rasa hanyar bushewa.

Wani abu da zan faɗa tsakani da Allah, iska kaɗai ba za ta kashe zafin ba. Yawancin zafin da yake sauka kan silin daga jikin kwano yake fitowa kai tsaye, irin yadda kake jin zafin garwashi a fuskarka ko da iska tana kaɗawa, kuma iska ba ta tare wannan. Abinda yake tare shi foyil ne na alminiyam da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin kwano, yana mayar da sama da kashi 90 cikin ɗari na irin wannan zafin, da sharaɗin gefensa mai ƙyalli yana kallon sarari, ba a manne da wani abu ba. A jikin rafta, wato katakon da ke ɗauke da kwano, ake buga shi yana kallon ƙasa, in ka shimfiɗa shi a kan silin ƙura za ta rufe ƙyallin ya rage aiki, kuma a bar masa buɗi a ƙasa da sama dan iska ta bi bayansa. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ce a wuri mai zafi da rana yana rage kuɗin sanyaya gida da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari. Ka ƙara da abin tare zafi a kan silin ɗin kansa, in kuma lokacin fenti ko canza kwano ya yi ka zaɓi fari ko mai haske, baƙin kwano yana da kyau a ido amma shi ya fi kowanne shan rana.

In an gama aikin ka gwada. Ka rataye ƙaramin ma'aunin zafi da danshi a tsakiyar sararin, wanda yake riƙe mafi girman abinda ya auna, ka kwatanta da na inuwa a waje, da ma ka auna kafin a fara aikin dan ka ga bambancin. Ka kunna ɗan abu mai hayaƙi a ƙarƙashin hudar ƙasa daga waje, nesa da PVC, hayaƙin ya kamata ya shige ciki. Ranar da aka yi ruwa mai iska na farko kuma ka hau da tocila washegari da safe ka duba ƙarƙashin ƙololuwa da gindin duk abinda aka kafa a kan kwano, in ka ga ɗigo a gyara hular tun kafin ruwa na gaba. Ragar ƙasan kuma a dinga share ta da buroshi kamar sau biyu a shekara, dan yanar gizo da ƙura suna toshe ta a hankali ba tare da ka lura ba.