Kurakuran da aka fi yi wajen zaɓen manyan jakunkunan ƙara girman mama ga mace mai ƙaramin jiki

Da yawa daga cikin matsalolin da ke biyo bayan tiyatar ƙara girman mama ga mata sirara suna samo asali ne tun kafin a shiga ɗakin fiɗa, a ranar da aka yanke shawarar girman jakar da za a dasa, wato ƙunshin silikon ko na ruwan gishiri da ake sawa a cikin ƙirji. Tun daga shekarar 1962, lokacin da likitoci biyu, Thomas Cronin da Frank Gerow, suka dasa jakar silikon ta farko a birnin Houston na ƙasar Amurka, an yi ta gyara kayan aikin da dabarun fiɗar, amma fatar ɗan Adam da naman ƙirjinsa suna nan yadda Allah Ya halicce su, kuma suna da iyakar nauyin da za su iya ɗauka na tsawon shekaru. Wannan iyaka ta fi kusa ga mace mai ƙunƙuntaccen ƙirji da ƙarancin kitse, don haka kuskuren da mai cikakken jiki za ta yi ta tsira, ita sai ya bar mata tabo.

Babban kuskure shi ne zuwa wurin likita da lamba a kai. Ana auna jakunkunan nan da mililita, abin da likitoci ke rubutawa da cc, kuma mace za ta ji cewa wata ta sa 450 ko 500 ya yi mata kyau, ko ta ga hoton wata a Instagram, sai ta ƙudurta cewa ita ma haka take so. Abin da hoton bai nuna ba shi ne faɗin ƙirjin waccan matar, da kaurin namanta, da yawan maman da take da shi tun asali. Jaka mai mililita 500 daidai take da ledar ruwan sha guda da ake sayarwa a bakin titi, a yawa da kuma kusan nauyi, wato biyu sun kai kilo guda, kuma fatar ƙirji ce za ta riƙe wannan nauyi dare da rana, a zaune da tafe, shekara da shekaru. Haka nan ba daidai ba ne a nemi girma da harafin rigar mama, domin kamfanonin ɗinki ba su da ma'auni ɗaya, kuma harafin da ya dace da wata rigar ba zai dace da wata ba.

Gyaran wannan shi ne a fara da awo. Likitan da ya san aikinsa zai auna faɗin gindin maman daga gefen ƙashin tsakiyar ƙirji zuwa gefen hammata, ya auna nisan kan mama zuwa lanƙwasar da ke ƙarƙashinsa, ya ja fatar don ya ga iyakar miƙewarta, sannan ya matse naman saman maman tsakanin yatsunsa ya auna kaurinsa. Likitoci biyu na Amurka, John Tebbetts da William Adams, su ne suka yi fice wajen tsara wannan hanya ta zaɓen jaka bisa abin da naman jiki ya nuna, kuma ƙa'idarta mai sauƙi ce: faɗin jakar kada ya wuce faɗin gindin maman. Mace mai ƙaramin jiki sau da yawa faɗin nata bai wuce santimita 11 ba, alhali jakar mililita 500 mai matsakaicin tudu takan haura santimita 13. Idan aka tilasta irin wannan jaka a cikin irin wannan ƙirji, dole a yanka aljihun da za ta zauna ya wuce iyakar maman, kuma daga nan ne sauran matsalolin ke ɓullowa.

Idan aka faɗaɗa aljihun zuwa tsakiya fiye da kima, naman da ke manne da ƙashin ƙirji yakan ɗage, sai jakunkunan biyu su haɗu, rabuwar da ke tsakanin maman ta ɓace, kuma wannan na daga cikin lahani mafi wuyar gyara. Idan aka faɗaɗa zuwa waje, jakar takan zame ta nufi hammata duk lokacin da mace ta kwanta rigingine, sannan a wannan gefen ne jijiyar da ke kai ji zuwa kan mama take bi, wadda ke fitowa tsakanin haƙarƙari na huɗu da na biyar, kuma jan ta ko yanke ta na iya rage ji a kan maman na ɗan lokaci ko na dindindin. Idan kuma nauyi ya rinjayi lanƙwasar ƙasa, jakar takan sauka a hankali, kan maman ya koma yana kallon sama, tabon fiɗar ya hauro kan maman maimakon ya ɓuya a ƙarƙashinsa. Wannan na ƙarshe ba ya bayyana a watannin farko, shi ya sa hotunan da asibitoci ke nunawa na makonni shida bayan aiki ba su isa hujja ba. Ya kamata mace ta nemi ganin sakamakon shekara biyu ko fiye, a jikin mata masu irin ƙirarta.

Wasu da suka fahimci zancen faɗi sai su nemi mafita ta hanyar jaka mai ƙaramin gindi da dogon tudu, wadda ke ɗauke da yawa mai yawa a ƙaramin fili. Dabara ce da ke da amfani idan an yi ta daidai gwargwado, amma ba ta rage nauyi ko kaɗan, kuma tana tattara matsin a wuri guda. Da tafiya ta yi nisa naman maman da ke gaban jakar yakan ƙara sirancewa, fatar ta saki, har ma haƙarƙarin da ke bayanta yakan ɗan lotsa. A ganina wannan ne wurin da likita nagari ke bambanta da mai neman kuɗi kawai, domin na farko zai ce wa mace girman da take so jikinta ba zai ɗauka ba, ko da hakan zai sa ta tafi wani wuri, shi kuwa na biyu zai nemo mata jakar da za ta shiga ta kowane hali.

Kaurin nama ma ana yawan raina shi. Idan abin da likita ya matse a saman maman bai kai santimita 2 ba, galibi ana ba da shawarar a sa jakar a ƙarƙashin tsokar ƙirji, domin tsokar ta ƙara rufi, in ba haka ba gefen jakar da tattarewarta za su riƙa bayyana ta cikin fata, musamman idan jakar ruwan gishiri ce, wadda ta fi ta silikon saurin tattarewa. Sai dai ƙarƙashin tsoka ma yana da nasa: ciwon kwanakin farko ya fi tsanani, kuma maman kan motsa ko ya karkace idan mace ta ɗaga abu mai nauyi. Tsokar kuma saman jakar take rufewa, ƙasanta da gefenta na waje fata da ɗan nama ne kawai ke tare su, saboda haka sa jaka a ƙarƙashin tsoka bai zama izinin ƙara girma ba.

Akwai kuma ɗaukar tiyatar a matsayin aikin sau ɗaya. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta bayyana ƙarara cewa jakunkunan nan ba na har abada ba ne, kuma a rahotonta na 2011 ta ce kusan mace ɗaya cikin biyar da aka yi wa ƙarin mama takan cire jakarta cikin shekara goma. Dalilan sun haɗa da fashewa, da zamewa, da taurin tantanin tabo da jiki ke ginawa a kewayen kowace jaka, wanda wani lokaci yakan matse har maman ya yi tauri, ya canza siffa, ya riƙa ciwo. Fashewar jakar ruwan gishiri a bayyane take, domin maman yakan sace cikin kwanaki, amma ta silikon takan fashe ba tare da wata alama ba, shi ya sa tun 2020 hukumar ke ba da shawarar a yi hoton duban ɗan tayi ko na MRI bayan shekara 5 zuwa 6, sannan a riƙa maimaitawa duk shekara 2 zuwa 3. Matar da aka yi wa aikin tana da shekara 25 ya kamata ta lissafa cewa akwai yiwuwar wata fiɗar a gabanta, ta kuma san inda kuɗinta za su fito. Ga mai ƙaramin jiki lissafin ya fi tsauri, domin ranar da ta gaji da nauyin ta nemi a rage, fatar da ta riga ta miƙe ba ta komawa, kuma sau da yawa sai an haɗa da fiɗar ɗaga mama, wadda ke barin tabo a kewayen kan maman da kuma ƙasansa.

Zancen tabo yana da muhimmanci na musamman ga baƙar fata, wadda ta fi saurin yin tabo mai kumbura da yaɗuwa, kuma tsakiyar ƙirji na cikin wuraren da irin wannan tabo ya fi fitowa. Duk wadda huda kunne ko wani tsohon rauni ya bar mata kumburarren tabo, ko akwai mai irinsa a danginta, to ta faɗa wa likita tun a zaman farko, ta kuma tuna cewa babbar jakar silikon tana buƙatar yanka mai ɗan tsawo. Haka nan mai ciwon sikila, ko ciwon suga, ko mai shan taba ko shisha, ba abin ɓoyewa ba ne, domin duk suna shafar maganin sa barci ko warkewar rauni, kuma ana buƙatar a bar taba aƙalla makonni huɗu kafin aiki.

Lokacin yin aikin ma ana kuskurensa. Ciki da shayarwa suna cika mama su kuma saki shi, kuma babbar jaka a cikin fatar da haihuwa ta sassauta ta fi saurin zubewa. Mata da yawa masu jaka suna shayarwa lafiya, amma yanka ta gefen kan mama ya fi taɓa hanyoyin nono da jijiyoyi fiye da yanka ta lanƙwasar ƙasa, don haka wadda ke sa ran haihuwa nan kusa gara ta dakata, ko aƙalla ta tattauna wurin yankan. A Amurka ba a amince da jakar silikon don ado ba sai ga wadda ta kai shekara 22, ta ruwan gishiri kuma 18.

Sai rashin tambayar wace jaka ce za a sa. A 2010 aka gano cewa kamfanin PIP na Faransa yana cika jakunkunansa da silikon na masana'antu wanda ba a amince da shi ga jikin mutum ba, bayan an riga an dasa su ga dubban ɗaruruwan mata a ƙasashe da dama, kuma a 2013 kotu ta ɗaure mai kamfanin, Jean-Claude Mas. A Yulin 2019 kuma kamfanin Allergan ya janye jakunkunansa masu kaushin baya samfurin Biocell daga kasuwannin duniya, saboda alaƙarsu da wata sankarar ƙwayoyin garkuwar jiki da ke tasowa a tantanin da ke kewaye da jakar. Cutar ba ta da yawa, amma matan da ba su san samfurin da ke jikinsu ba sun shiga fargaba ba tare da hanyar tantancewa ba. Kowace jaka tana zuwa da kati mai ɗauke da sunan kamfani, da samfuri, da girma, da lambarta, kuma haƙƙin mace ne a ba ta shi ta adana. Tun Oktoban 2021 ma doka ta wajabta wa likitocin Amurka su bi takardar haɗurra tare da mace layi bayan layi kafin ta sa hannu, kuma babu abin da ya hana mace a ko'ina ta nemi irin wannan bayani.

Masu tafiya ƙasashen waje, musamman Turkiyya, inda ake haɗa kuɗin fiɗa da masauki a farashi ɗaya, suna fuskantar haɗarin zaɓen girma ta hoton waya, ba tare da kowa ya taɓa auna su ba sai ana gobe aiki, ga kuma doguwar tafiyar jirgi jim kaɗan bayan fiɗa, wadda ke ƙara barazanar daskarewar jini a ƙafa. Matsaloli kamar ruɓewar rauni da taruwar jini ko ruwa sukan zo bayan an dawo gida, saboda haka kafin a tashi a san likitan da zai karɓi kulawar a nan. A Nijeriya ana iya tantance rajistar likita a wurin hukumar kula da likitoci ta ƙasa, MDCN, a kuma tabbatar ƙwarewarsa a fannin fiɗar gyaran jiki take, domin shaidar zama likita kaɗai ba ta wadatar. Allurar silikon mai ruwa da wasu ke yi a shaguna da ɗakunan otel kuwa ba madadin jaka ba ce ko kusa, domin takan yaɗu cikin nama ta yadda ba a iya kwashe ta, kuma tana iya shiga jini ta toshe huhu.

Wadda aka riga aka yi wa aikin, ta kuma fara jin ciwon wuya da kafaɗa, ko ta ga gefen jakar ta cikin fata, ko maman yana sauka, bai kamata ta jira abin ya ta'azzara ba, domin gyara ya fi sauƙi tun naman yana da sauran ƙarfi. Idan za ta yi hoton binciken sankarar mama ta sanar da ma'aikatan cewa tana da jaka, saboda jakar na rufe wani sashe na naman, kuma akwai hanya ta musamman da ake ture ta baya a ɗauki ƙarin hotuna. Zazzaɓi, ko ja da zafi a wurin, ko kumburin gefe guda a kwanakin farko, na buƙatar komawa asibiti a ranar. Kumburin da ya taso kwatsam bayan shekara guda ko fiye, ko ƙullutu a mama ko a hammata, shi ma na buƙatar hoton duban ɗan tayi, kuma idan an ga ruwa a kewayen jakar a zuƙo shi a kai ɗakin gwaji, musamman ga wadda jakarta mai kaushin baya ce.