Darasi na 7: Shirya Bidiyon Minti Ɗaya na Sana'arku

Manyan cikinku sun san majigi. A kan kafa farin ƙyalle a fili bayan sallar isha'i, unguwa ta taru ana kallo. Gaskiyar magana, babu hoton da ke motsi a jikin ƙyallen nan. Hotuna ne tsayayyu, guda 24 ke wucewa a kowace daƙiƙa, ido ya kasa raba su, sai ya ga kamar doki na gudu. Wayar da ke aljihunku ma haka take yi, sai dai yawanci hoto 30 take ɗauka a daƙiƙa. Ke nan bidiyon minti ɗaya hotuna 1,800 ne.

Kowane hoto kuma tarin ɗigo-ɗigo ne masu launi, kamar yadda sukar allura ɗaya-ɗaya ke haɗuwa ta zama aikin wuyan riga. Sunansu fiksel. A saitin kyamara za ku ga 720 da 1080, wato yawan layukan ɗigon. 1080 ya fi fitowa tangaran, amma minti ɗaya kan cinye kusan megabait 100, ko fiye. In ta WhatsApp za ku tura, 720 ya wadatar, don dama WhatsApp matse bidiyo yake yi kafin ya isa.

Yanzu ga inda nake so ku natsu. Kada ku taɓa waya sai kun taɓa biro.

Mu ɗauki mai ɗinkin babbar riga a cikin birnin Zariya, wajen Ƙofar Doka, yana so dillalai a Kano da Kaduna su ga aikinsa. Sai ya fara rubuta amsar tambaya biyu: wa zai kalla, kuma me nake so ya yi in ya gama kallo? Amsarsa ita ce, dillali ya kira shi. To, duk abin da ba zai sa dillali ya kira ba, bai da gurbi a bidiyon, ko da kuwa gaisuwa ce mai tsawo.

Daga nan ya ja layi ya raba takarda gida huɗu. A gidan farko, rigar a shimfiɗe gaba ɗayanta, daƙiƙa 10. Na biyu, kusa-kusa: yatsunsa, allura, zaren yana shiga shadda, har a iya ƙirga askar da ke gaban rigar. Wannan gidan shi ne ke sayar da kaya, a ba shi daƙiƙa 25. Na uku, wani ya sa rigar ya juya. Na ƙarshe, shi da kansa ya faɗi kwanakin da aikin ke ɗauka da yadda za a same shi. Wanda rubutu bai zauna masa ba tukuna, ya zana. Zane ma shiri ne.

Zaure duhu gare shi. A fito da aikin bakin ƙofa da hantsi, mai ɗauka ya ba rana baya. Na taɓa ɗaukar walimar saukar Alƙur'ani ina fuskantar rana, fuskar yaron ta fito baƙi ƙirin, har yau abin yana damuna, don ba a maimaita ranar.

Sauti kuwa ya fi hoto wuyar gyara. A kashe janareta, a jira injin markaɗe ya yi shiru, mai magana kada ya wuce taku biyu daga waya. A riƙe ta da hannu biyu, gwiwar hannu manne da haƙarƙari, a goge idon kyamara, musamman lokacin hunturu da ƙura ke tashi. Duk wanda fuskarsa za ta fito, a nemi izininsa tukuna, balle matan aure a cikin gida.

Aikin gida: kowa ya zo da takardarsa mai gida huɗu a kan sana'arsa, da daƙiƙoƙin kowane gida a rubuce, jimilla 60. Ranar darasi na gaba za mu ɗauka.